Suna na Goma Sha Ɗaya

Saura minti ashirin a kunna jar fitilar da ke nuna an fara watsa shirin rediyo, Verna Holbrook tana durƙushe a bayan labule tana ɗaure wa mijinta igiyar takalmi. Ta ba ƙofa baya don kada wani ya leƙo ya ga abin da take yi. Mijin, Arlis, yana zaune a kujerar ƙarfe, banjo, wato molonsu na can, a cinyarsa, yatsunsa suna ta yawo a kan tsirkiya. Yatsun nan ba su manta komai ba. Kan ne ya soma zubewa, kamar buhun da ɓera ya huda ta ƙasa.

"Ina ne nan, yarinya?"

Shekararta saba'in da huɗu, shi kaɗai ya rage a duniya mai ce mata yarinya.

"Gidan silima ne, tsoho. Yau Asabar. Za ka yi waƙar Rami na Huɗu, ni ina gefenka, mu gama mu tafi gida."

Ya ce ai ya sani, gwada ta yake yi. Ta ce ta gode da jarrabawa, ya miƙe ta ga ko wandon ya zauna daidai.

Duk Asabar da ƙarfe biyu na rana, gidan rediyon jama'a na yankinmu yana buɗe shirinsa na kaɗe-kaɗen gargajiya daga tsohon gidan silima na garin Redbud. Kai tsaye ake watsawa. Ba a naɗa, ba a gyara, ba a yanke komai. Wanda ya yi tari a layin gaba, sai an ji shi a kowane lungu na duwatsun gabashin jihar Kentucky ta Amurka. Makirufo ɗaya ne tal a tsakiyar dandamali, makaɗa su kewaye shi, mai baiti ya matso, in ya gama ya ja baya. Asabar ɗin farko ta kowane wata ta Arlis da Verna ce, shekara talatin ba fashi.

'Yarsu Darlene, ma'aikaciyar jinya a birnin Dayton, ba ta taɓa barin shirin ya wuce ta ba. Da can don kewar gida take saurare. Tun Kirsimeti kuwa ya zama bincike. Ta zo hutu ta ga uban ya tsaya a tsakiyar ɗakin girki riƙe da cokali, ya rasa abin da ake yi da shi. Ta ja uwar waje ta gaya mata cewa ta samo wani gidan kula da tsofaffi kusa da asibitinsu, mai tsabta, mai ƙofofin da ake kullewa, kuma har ta sa sunansa a layi. Verna ta rantse mata gajiya ce kawai da sabon magani. Ta ce mutumin da yake rera baiti ashirin da ka a gaban duniya, shi za a kulle? Darlene ta ce to, za ta ci gaba da saurare, amma ranar da ta ji ya kasa, ba za ta sake neman shawarar kowa ba.

Verna ta san irin gidajen nan. Ta kai wa wani ɗan uwan Arlis ziyara a ɗaya daga cikinsu, ta same shi an ɗaure shi a kujera da majanyi yana kallon bango. Wata huɗu ya yi, ya rasu. Kuma ba a barin mata ta kwana wurin mijinta.

Saboda haka wata uku ke nan tana yaƙi da makirufo. Ta rage masa waƙoƙi, ta ƙara masa kiɗa zalla, ta karɓe duk wata hira da mai gabatarwa tana cika wuri da barkwanci. A Fabrairu da abin ya yi tsanani ta ce mura ce ta kwantar da shi. Ba za ta iya sake yin mura ba. Balle yau, da ko gawa ce sai an ɗauko ta: shekara arba'in da ɗaya cif da ruftawar Rami na Huɗu, inda ake haƙar kwal. Mutum goma sha biyu ne a ɓangaren da ya rufta, Arlis kaɗai aka ciro da rai. Da ya warke ya tsara waƙa, ya jera sunayen goma sha ɗayan a cikinta, kowa da baitinsa. Duk shekara iyalansu suna cika gidan silima su zauna suna jiran nasu sunan, waɗanda suka yi nisa kuma su kafa kunne a rediyo. Ba a tsallake kowa, ba a sauya jeri.

Sati uku tana bita da shi a ɗakin girki. In sun yi sau uku, sau biyu yana kaiwa ƙarshe.

Wendell Tackett mai gabatarwa ya leƙo da takardu a hannu, yana tauna cingam. Ya tambayi Baba Arlis ko banjon nan ta tsufa kamar mai ita, Arlis ya ce ita ta fi shi haƙora. Wendell ya yi dariya ya ce su ne na uku, bayan 'yan goge, sannan ya ce wa Verna akwai mai nemanta a ƙofar baya.

Opal ce, matar marigayi Denver, ƙanin Arlis, ɗaya daga cikin goma sha ɗayan da ramin ya ci. Ta sa baƙar rigarta ta kowace shekara, tana dogara sanda. Verna ta tare ƙofar da jikinta.

"Ki bar ni in gaida yayana mana, Verna. Kin zama mai gadi?"

"Yana haɗa tsirkiya. Kin san halinsa kafin waƙa, ko Shugaban Ƙasa ne ba ya kula shi. In an tashi kya gan shi."

Opal ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta rame. Ta ce jikokinta biyu sun zo tun daga Tennessee don su ji sunan kakansu da kunnensu, ta zaunar da su a layin gaba. Ta juya ta tafi, sandar tana ƙwanƙwasa siminti.

Verna ta jingina da ƙofa. Tun lokacin kaka Arlis ya soma tambayar ina Denver. Karon farko ta gaya masa gaskiya, ya kuwa yi kuka wuni guda kamar a ranar ce aka ciro gawar, ya ƙi abinci, ya nemi takalmin aikinsa zai je ya tono shi. Washegari ya manta, ya sake tambaya. Daga ranar sai ta riƙa ce masa Denver yana rami, aikin safe yake. Yakan ce madalla, ya ci gaba da shan kofinsa. Abin da ya ba ta mamaki shi ne waƙar: in yana rera ta da kansa, sunan Denver yana wucewa ta bakinsa kamar ruwa ta famfo, bai taɓa tsayawa a kai ba. Ta lura da haka sau da yawa a wurin bita, har ta daina fargaba.

Jar fitila ta kama. Aka yi tafi, Wendell ya gaida masu saurare, wasu 'yan'uwa mata biyu suka yi waƙar coci, 'yan goge suka tayar da ƙura. Verna ba ta ji ko ɗaya ba. Tana riƙe da hannun Arlis tana murza masa yatsu don su yi ɗumi, har ta ji an kira sunansu.

Suka fito. Gidan ya cika maƙil, har da na tsaye a jikin bango, tsofaffin 'yan rami da tulun iskarsu a gefe, robar shaƙa a hanci. Can baya, a cikin ɗakin gilashi, injiniya tana zaune da abin ji a kunne. Wendell ya yi gajeren jawabi, ya nemi kada a yi tafi sai an gama, ya ja da baya.

Arlis ya sa yatsa a tsirkiya, sai ga shi ya dawo mutum. Kafaɗunsa suka miƙe. Ya matso makirufo, muryar nan tasa siririya mai kaifi ta fito:

"Ran Talata suka shiga, fitila a goshin kowa,
Dutse ya haɗe baki, bai ce ga naku ba."

Verna tana bin sa da jita a hankali, tana ƙirga baitoci a zuci. Ya wuce na motar ɗaukar ma'aikata. Ya wuce na ƙarar da aka ji har makarantar firamare. Ya shiga sunaye. Clyde Amburgey, mai 'ya'ya shida. Junior Sexton, angon sati uku. Virgil Fields, wanda ya karɓi aikin wani a ranar. Duk sunan da ya fita, sai wani gungu a cikin duhun zauren ya motsa, a ji an ja hanci.

Ya kira na huɗu. Ya buɗe baki zai kira na biyar, babu.

Yatsun suka ci gaba da kiɗa su kaɗai. Ta zagaya da jitar ta dawo masa da wurin shiga, kamar da gangan ne. Bai shiga ba. Ta sake zagayawa. Ya juyo ya dube ta da idon nan da ta sani, idon yaron da ya ɓace a kasuwa, sai yatsun ma suka tsaya. Ita ma ta daina kaɗa jitar.

Shiru a rediyo ba kamar shiru a ɗaki ba ne. Gidan yana da na'urar da in ta ji daƙiƙa goma sha biyar babu sauti, sai ta ɗauka layi ya yanke, ta sako faifai da kanta. Kowa a yankin ya san ma'anar wannan faifan, Darlene ma ta sani. Injiniya ta miƙe a bayan gilashi ta ɗaga hannu biyu, ta soma lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Raɗa ba za ta yi ba, makirufon nan ko haɗiyar yawu yana ɗauka. Saura yatsu shida. Saura biyar.

A tsohuwar cocin kan dutse inda su biyun suka taso, ba a shiga da littafin waƙa ko abin kiɗa. Jagora ne yake faɗin layi da sauri, jama'a su karɓa su ja shi a hankali, ya sake ba su na gaba. Da haka wanda bai iya karatu ba ma yake waƙa. Verna ta saki jitar ta rataya a wuyanta, ta matso makirufo har kumatunta ya kusa taɓa nasa, ta ɗaga murya irin ta jagora:

"Tilden Adams, mai kiwon zuma a bayan gida."

Arlis ya lumshe ido. Abin da aka zuba masa tun yana ɗan shekara biyar ya taso. Ya karɓi layin ya ja shi, dogo, mai lanƙwasa, babu kiɗa ko kaɗan. Injiniya ta sauke hannu ta koma ta zauna.

Ta ba shi na shida, ya karɓa. A na bakwai wata tsohuwa a tsakiyar zaure ta shiga da muryarta. A na takwas rabin gidan ya shiga, tsofaffin 'yan rami da guntun numfashinsu, mata, har da waɗanda rabonsu da cocin kan dutse tun suna yara. Bangon silima ya ɗauki amo. Wendell yana gefen labule ya daina tauna cingam, ya ɗaga mata babban yatsa. Duk wanda yake saurare zai rantse shiri ne aka yi na musamman don cikar shekara. Verna ta ji ƙafafunta sun dawo ƙasa. Ta ce a ranta, Darlene, kina ji ko? Ki ji da kyau.

Tana cikin ba shi na tara ne abin ya faɗo mata.

In shi ya rera, waƙa ce. Amma yanzu ita ce take faɗa masa, fuska da fuska, da muryar da take gaya masa yau Asabar, ga maganinka, ga takalminka. Duk abin da ya fito daga bakin nan, labari ne a wurinsa, kuma yana yarda. Ga shi kuwa saura suna ɗaya tsakaninta da na ƙarshe.

Jama'a suna jan na tara, tana lissafi. Za ta iya tsayawa a na goma ta faɗa baitin rufewa, wataƙila a ce ruɗewa ce. Ta dubi layin gaba. Opal ta ajiye sanda, ta riƙe hannun jikokinta ɗaya a dama ɗaya a hagu, leɓɓanta suna motsi. Shekara arba'in da ɗaya matar nan ba ta sake aure ba, ba ta samu ko gawar da za a buɗe mata ta gani ba, a rufe aka kawo akwatin. Abin da take da shi a shekara shi ne layi ɗaya a rediyo. Kuma in aka tsallake Denver, Darlene ce za ta fara sanin akwai dalili.

Ta ba shi na goma. Aka ja, aka sauke. Gidan ya yi tsit yana jira.

Ta faɗa da sauri yadda za ta iya, tana kallon makirufo ba shi ba, ko Allah zai sa ya wuce:

"Denver Holbrook, ɗan autan uwata, na bar shi a baya."

Jama'a suka ɗauka. Sun kai tsakiyar layin kafin su lura muryar Arlis ba ta ciki. Suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya har aka bar Opal ita kaɗai, ita ma ta yi shiru.

Arlis ya buɗe ido yana kallon matarsa. Bakinsa bai fi taƙi ɗaya daga makirufo ba. Da muryarsa ta gida, ta teburin karin kumallo, ya ce:

"Verna, Denver ya mutu ne?"

Ta kama hannun rigarsa za ta ja shi baya, ya ƙi motsi.

"Ke kika ce min yana aikin safe. Ɗazu-ɗazun nan kika ce. Yaushe ya mutu? Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

Banjon ta zame daga hannunsa, igiyar rataya ta riƙe ta, ta bugi ƙarfen makirufo da wata ƙara mai muni. Ya soma kuka, irin na mutumin da aka yi wa rasuwa yanzu, baki buɗe, babu kunya. A layin gaba ɗaya daga jikokin ya tambayi kakarsa me ya faru.

Wendell ya iso da sauri ya sa kafaɗarsa tsakaninsu da makirufo. Ya ce wa masu saurare rana ce mai nauyi ga kowa a Redbud, ya yafito 'yan goge. Suka fito suna gyara huluna, suka kama wani kiɗa mai sanyi. Babu wanda ya yi tafi.

Verna ta fitar da shi ta ƙofar baya zuwa inda ake ajiye motoci. Rana tana nan fayau, ana yayyafin da bai kai ya jiƙa mutum ba. Ta zaunar da shi a matakala, ta cire masa banjon, ta lulluɓa masa rigar sanyinta. Yana ta tambaya ko an ciro shi, ko an gaya wa Mama, wa zai je ya gaya wa Opal. Ta ce an ciro shi, an gaya wa kowa, an yi komai yadda ya kamata.

Wayarta tana ta ruri a jaka tun suna cikin zaure. Ta bar ta ta katse sau biyu. A na uku ta matsa jikin motarsu ta ɗauka.

Ta shirya wa faɗa, amma babu faɗa a muryar Darlene. Daga jin amon, a cikin mota take, kuma ta yi kuka ta share.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun kaka."

"Ke kaɗai? Wanka, aski, komai?"

"To wa zan kira? Mijina ne."

Ta soma jero mata abin da ya rage: yana cin abinci da kansa, ya san ta, ya san karensu, yau ɗin ma sunaye huɗu ya kawo ba taimako, kuma laifinta ne ba nasa ba, ita ta faɗi abin da bai kamata ba. Darlene ta bar ta ta gama. Sannan ta ce ta riga ta nemi hutun kwana uku, gobe da hantsi tana hanya, kuma za ta kira gidan nan ranar Litinin da safe. Ta ce a haɗa masa kaya marasa maɓalli, su ne suka fi sauƙi a can. Ta ce banjo sai ta tambaya, ba ta san ko suna bari ba.

"Darlene, ki ba ni zuwa bazara."

"Mama, duk duniya ta ji shi."

Verna ta tsaya riƙe da wayar bayan an kashe. Ta cikin bango ana jin goge, da muryar Wendell yana karanta sanarwar cin abincin 'yan kwana-kwana na ranar Juma'a.

Da ta dawo matakala, Arlis ya daina kuka. Fuskarsa a jiƙe take, yana shafa ta yana duba tafin hannunsa, yana mamakin inda ruwan ya fito. Ya ɗaga kai ya ji kiɗan da ke fitowa, ƙafarsa ta soma bin sa.

"Har yanzu ba a kira mu ba, yarinya? Wendell ɗin nan da surutu."

"An ɗaga namu, tsoho. Tashi mu je gida."

Ya miƙe da kyar, ya dafa kafaɗarta. Ta sa banjon a akwati ta ajiye a kujerar baya, ta buɗe masa ƙofa, ta ja masa bel ta ɗaure. Sai da ta zauna ta tayar da mota sannan ta gaya masa Darlene za ta zo gobe.

Fuskarsa ta washe. Ya ce yarinyar nan ta kyauta, rabonsa da ita an jima. Ya ce in sun isa gida kada ta manta ta jiƙa wake, a yi burodin masara, don a can birni ba sa ba ta abincin kirki.

Verna ta ce za ta jiƙa. Ta sa giya, suka hau titin da ya nufi kan dutse.